Bizar ɗalibai ta Birtaniya: shafin nema na da sauƙi, layin gaggawa na fam 500 kuwa sai a duba

Duk mai neman bizar karatu a Birtaniya daga waje, ƙofa ɗaya yake bi: shafin GOV.UK, inda hukumar UKVI ta ma'aikatar cikin gida ke karɓar buƙatu. A nan ake cike fom, a biya kuɗi, sannan a nemi ranar zuwa cibiyar ɗaukar hoto da zanen yatsu, wadda kamfani irin VFS Global ke gudanarwa. Tambayoyin shafin a fili suke, yana adana abin da ka cike idan ka fita, kuma wanda ya haɗa takardunsa zai iya gamawa a zama ɗaya ba tare da ya biya wani dillali ba. Aibinsa shi ne ba ya yi maka gargaɗi. Zai karɓi kuɗinka ko da takardar bankinka ba ta cika sharaɗi ba, sai bayan makonni ka ga wasiƙar ƙi.

Kuɗin neman bizar ya koma fam 524 a watan Afrilun 2025, daga fam 490, kuma yakan ƙaru, don haka a duba shafin a ranar biya. Idan aka ƙi ka, wannan kuɗin ya tafi. Sai kuɗin lafiya na IHS, fam 776 a shekara ga ɗalibai tun Fabrairun 2024, wanda ake biya gaba ɗaya tun farko. Mutane da yawa na yin kuskure a lissafinsa, domin ba da tsawon karatu ake auna shi ba, da tsawon bizar ne. Kwas na wata 12 ko fiye ana ƙara masa wata 4 a ƙarshe, sannan ragowar da ba ta wuce wata 6 ba ana cajin ta rabin shekara. Ke nan mai digiri na biyu na shekara guda yakan biya na shekara ɗaya da rabi, fam 1,164. Shi wannan ana mayar da shi idan ba a ba da bizar ba.

Ba a fara komai sai da lambar CAS, wato shaidar an ba ka gurbin karatu, wadda jami'a mai lasisin ɗaukar ɗaliban waje ke bayarwa. Tana aiki wata 6 kuma sau ɗaya ake amfani da ita. A karanta ta da kyau kafin a taɓa fom: suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo, ranar fara karatu, kuɗin makaranta, da abin da aka riga aka biya. Idan ka tura wa jami'a wani kaso bayan ta fitar da CAS, sai ka nemi ta sabunta bayanin, domin jami'in biza abin da ke rubuce a can yake ɗauka.

Inda aka fi faɗuwa shi ne shaidar kuɗi, kuma a nan tsarin ba shi da sassauci ko kaɗan. Dole asusu ya nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko, haɗe da kuɗin zama na wata 9. Daga 11 ga Nuwamba 2025, kuɗin zaman fam 1,529 ne a wata ga mai karatu a Landan, wato fam 13,761, sannan fam 1,171 a wajen Landan, wato fam 10,539. Jimillar nan sai ta kwana 28 a jere cikin asusun ba tare da ta yi ƙasa ba ko da na yini guda. Mutum ya cire ɗan abu ranar 19 ya mayar ranar 20, lissafi ya koma farko. Bankin kansa ya zare kuɗin hidima ya sa adadin ya gaza da ƙiris, hukuncin ɗaya ne. Bayan haka, ranar ƙarshe da ke kan takardar bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ranar nema, kuma ranar nema ita ce ranar da ka biya kuɗi a intanet, ba ranar da ka je ba da zanen yatsu ba. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya kayar da mutum: wanda ya biya a kwana na 26 yana tunanin ai kafin ranar zuwa cibiya kwana 28 sun cika, ya riga ya nema da takarda marar inganci.

Wanda kuɗinsa ba a fam yake ba yana da ƙarin abin lura. UKVI na canza adadin zuwa fam da farashin shafin canjin kuɗi na OANDA na ranar nema. Idan kuɗin ƙasarka ya faɗi a cikin kwanaki 28 ɗin nan, abin da ya isa a farko zai iya gazawa a ƙarshe. Maganinsa a ajiye rara mai kauri, ba daidai wa daida ba. Asusun kuma sai ya zama naka, ko na mahaifi, ko mahaifiya, ko mai riƙonka a shari'ance, tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Na kawu, na yaya ko na aboki ba ya shiga, komai kusancinku da komai yawan abin da ke ciki. Hannun jari, kuɗin kirifto da bashin da banki ke bari a ci a kan asusu duk ba a lissafa su. 'Yan wasu ƙasashe ba a neman su gabatar da takardun kuɗi tun farko, amma sharaɗin na kansu, kuma ana iya tambayarsu.

Abu biyu ne ke cin lokaci fiye da bizar kanta. Na farko gwajin tarin fuka ga mazauna ƙasashen da ke cikin jerin hukumar: a asibitin da ta amince da shi kaɗai ake yi, takardar na aiki wata 6, kuma idan hoton ƙirji bai fito sarai ba aka koma gwajin majina, sakamako na iya kai mako 8. Na biyu takardar ATAS, wato izinin tantancewar tsaro, ga masu karatun gaba da digiri a wasu fannonin kimiyya da injiniya. Kyauta ce, amma takan ɗauki kusan mako 6, a lokacin cunkoso ma fiye. CAS ɗinka zai nuna ko kana buƙatarta. Duk takardar da ba da Turanci take ba, sai an haɗa ta da fassara mai ɗauke da kwanan wata, sunan mai fassara, sa hannunsa da yadda za a same shi.

To, layin gaggawa fa? A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin mako 3 daga ranar ba da zanen yatsu. Da ƙarin fam 500 ana sa ran amsa cikin kwanakin aiki 5, akwai kuma na fam 1,000 mai amsa zuwa ƙarshen ranar aiki ta gaba, inda ake samunsa. Abin da kuɗin ke saya shi ne a ɗauko fayil ɗinka da wuri. Sharuɗɗan ba sa canzawa, kuma idan jami'in ya ga buƙatar tuntuɓar bankinka ko ya kira ka hira don ya tabbatar karatun ka je yi da gaske, kwana 5 ɗin na iya wucewa. Ga wanda CAS ɗinsa ya makara har ranar rufe rajista ta matso, kuɗin ya biya kansa, domin rasa zangon karatu ya fi fam 500 tsada. Ga wanda ke da wata biyu a gaba, asara ce, tunda ana iya nema tun wata 6 kafin fara kwas. Mai tarihin ƙin biza a baya kuwa ya fi kowa dacewa ya riƙe kuɗinsa, don fayil irin nasa ne aka fi tsayawa a kai. Kuma ya faɗi wancan ƙin a fom, ko na wace ƙasa ne. Ɓoye shi na iya zama yaudara a idon hukuma, hukuncinta hana shiga har shekara 10.

Sauran hidimomin da cibiyoyi ke tallatawa, irin su ɗakin jira na musamman, saƙon waya da taimakon ɗora takardu, ba su da tasiri a kan hukunci. Ma'aikatan cibiya ba su ke yanke shi ba. Ɗora takardu da kanka kyauta ne, sai dai a tabbatar kowane shafi ya fito tas, musamman na banki mai ɗauke da suna, lambar asusu da sunan bankin.

Ɓangaren da ya fi rauni shi ne neman bayani bayan an miƙa fom. Daga waje, ko kira aka yi ko imel, amsar da ake samu galibi ba ta wuce cewa ana kan aiki ba. Idan aka ƙi ka kuma kana ganin kuskuren jami'i ne, kana da kwana 28 ka nemi a sake dubawa a kan fam 80, amma a wannan mataki ba a cika karɓar sabuwar shaida ba. In laifin daga takardunka ne, sabon CAS da sabon nema sun fi sauri.

Tun 15 ga Yulin 2025 ɗalibai ba sa samun tambarin biza a fasfo. Ana buɗe asusun UKVI ne a ga bizar a intanet, don haka wanda ya canza fasfo sai ya sabunta shi a asusun kafin tafiya, in ba haka ba ya sha tambaya a wurin shiga jirgi. Bizar na ba mai karatun digiri damar aikin awa 20 a mako lokacin zango, ba ta yarda da sana'ar kai ba. Tun Janairun 2024 kuma, zuwa da iyali ya taƙaita ga masu digirin bincike irin na dakta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, don haka mai digiri na biyu na zaman aji ya yi lissafinsa a kan shi kaɗai zai tafi.