Dutsen Akwatin Kifin Teku: Mai Rai Ko Busasshe?

Ƙanena ya dawo mana ƙauye, nan gefen Kura, daga Legas da akwatin gilashi na kifin teku da duwatsu biyu a jiƙe cikin bokiti. Irin dutsen nan ne da ake ce wa mai rai: gawar murjani ce, amma ramukanta cike suke da ƙwayoyin bakteriya masu cinye dattin da kifi ke fitarwa. Shi ya sa ya fi tsada. Sai dai ba shi kaɗai yake zuwa ba.

A dare na uku ya tashe ni: "Yaya, zo ka ji." Ƙas, ƙas, daga cikin dutse. Muka rufe bakin tocila da jar leda muka haska. Ga wani jatan lande mai hannuwa a naɗe kamar na ƙoƙi-ƙoƙi, yana leƙowa da idanu masu juyawa. Wannan mafarauci ne, yana fasa katantanwa, yana kashe ƙananan kifi. Dole a ciro dutsen a fitar da shi.

Ba kowane baƙo ne mugu ba. Tsutsar nan mai kama da shanshani, mai fararen gashi a gefe, ragowar abinci take share maka. Kawai kada ka taɓa ta ba safar hannu, gashin yana shiga fata kamar ƙaiƙayi. Ƙaguwa kuwa ka dubi hannunta: in bakin ya yi tsini kuma baƙi ne, muguwa ce, sai ka jingina kofin gilashi da ɗan yankan kifi a ciki, da safe za ka same ta ta kasa hawowa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wata halittar teku da ake kira Aiptasia. Kamar ƙaramin fure take, ruwan ƙasa, kana taɓa ta ta shige rami. Tana harbi, kuma in ka kankare ta, kowane ɓurɓushi sabuwa zai zama. Ko ɗaya ka gani a dutsen mai sayarwa, bar masa kayansa. Kuma kada ka taɓa dafa dutse mai rai, domin wasu halittun da ke manne masa suna da dafin da tururinsa ke kwantar da gida guda.

Busasshen dutse ba ya zuwa da kowa, ya fi araha, kuma bai damu da yinin da zai yi a mota ba. Kuɗinsa haƙuri ne: mako 4 zuwa 6 kafin bakteriya su zauna a saka kifi.

Dutsen rafi ko na bakin kanal kuwa, cire shi daga lissafi. Ko a akwatin ruwan daɗi, yana iya zuwa da matsattsaku da ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya, cutar da mutanen yankin noman rani suka sani sarai.

Ni dai da kuɗina, busasshe zan saya da yawa, in haɗa da ɗan ƙaramin mai rai guda ɗaya don ya zama iri. Kafin in biya zan shinshina shi: in yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, abin cikinsa ya mutu a hanya. In ya tsallake, zai yi mako uku shi kaɗai a bokiti, cikin ruwa mai gishirin teku giram 35 a kowace lita, da famfon iska a kan batirin sola, a ɗaki mafi sanyi a gidan, ina haska shi kowane dare.