DNeasy na Qiagen: yadda yake aiki a kan tururuwar kurmi

Duk mai son gano dangantakar tururuwar dazukan kurmi, ko yadda jinsi ɗaya ya rarrabu tsakanin wannan daji da wancan, dole ya fara da fitar da DNA daga jikin ƙwaron. Ɗaya daga cikin kayan da aka fi gani a ɗakunan bincike don wannan aiki shi ne DNeasy Blood & Tissue na kamfanin Qiagen, mai zuwa a kwalin samfuri 50 ko 250. Hukuncinmu a taƙaice: yana da kyau ga manyan tururuwa irin su kwarkwasa, amma ga ƙananan da ke cikin ruɓaɓɓen ganye sai an ɗan kauce wa takardar umarni.

Aikin ba wuya. Ruwayen aikin, ATL, AL, AW1, AW2 da AE, duk a cikin kwalin suke zuwa. A niƙa ƙwaron a cikin mikrolita 180 na ruwan ATL (mikrolita 1,000 ne mililita ɗaya), a zuba mikrolita 20 na proteinase K, sinadarin da ke narkar da furotin, a bar shi a zafin digiri 56. Fatar tururuwa tauri ne da ita, don haka a bari ya kwana. Washegari a ƙara mikrolita 200 na AL da 200 na itanol, a juye cikin bututun tacewa, a juya a injin centrifuge minti ɗaya. Sai wanki biyu, AW1 da AW2, kowanne mikrolita 500, na biyun minti 3 da cikakken gudu. Kwalin ba ya zuwa da itanol, kuma AW1 da AW2 sai an zuba musu shi kafin amfanin farko. Wanda ya manta wannan, DNA ɗinsa zai bi ruwan wanki ya tafi.

Matsalar tana mataki na ƙarshe. Takarda ta ce a wanko DNA da mikrolita 200 na AE. Ga sojan kwarkwasa wannan daidai ne. Ga ƴar ƙaramar tururuwa irin Strumigenys wadda ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba, abin da zai fito ruwa ne tsararo. A rage zuwa mikrolita 50, a ɗumama AE ɗin, a bar shi ya jiƙa matatar na ƴan mintuna, sannan a sake bi da ruwan ta cikinta karo na biyu. A auna yawan DNA ɗin da na'urar Qubit, domin na'urar NanoDrop kan yi ƙari idan abin kaɗan ne.

Idan samfurin guda ɗaya tak ake da shi, kada a niƙa. A huda jikin da siririyar allura, a jiƙa shi dukansa ya kwana, a tsamo gangar jikin a adana don tantance jinsi daga baya. In kuwa niƙawa za a yi, a cire ƙunshin ciki na baya tukuna: a nan abincin da ta ci yake, kuma DNA ɗin abin da ta farauto na iya shiga sakamakon COI, wato sashen DNA da ake tantance jinsi da shi.

Akwai abin da babu kayan aikin da zai gyara. Itanol na kashi 95 ake zuba ƙwari a ciki tun a daji, a kuma canja shi bayan kwana ɗaya, saboda ruwan jikinsu yana tsinka shi, DNA ya fara lalacewa cikin laimar kurmi. Sannan tururuwa ma'aikata na gida ɗaya ƴan uwa ne na jini. Inda sarauniya ɗaya ce da miji ɗaya, kusancinsu na gado ya kai 0.75, wato kashi uku cikin huɗu, don haka ashirin daga rami ɗaya ba samfuri ashirin ba ne. A ɗauki ɗaya daga kowane gida. A tururuwar Eciton burchellii ta Panama da Dorylus, wato kwarkwasa, ta Afirka sarauniya ba ta da fiffike, mazan ne ke tashi, shi ya sa DNA na mitokondiriya, wanda ake gada ta uwa kaɗai, ke nuna rarrabuwa fiye da yadda take. Sai an haɗa da alamomin cikin cibiyar ƙwayar halitta.

Kuɗinsa a kan kowane samfuri ya fi na CTAB, wata hanyar fitar da DNA, sosai, sai dai ba ya buƙatar kulorofom. Ana ajiye kwalin a zafin ɗaki, amma inda zafi ke wuce digiri 25, proteinase K a firji zai zauna.