Teburin mai shayin bakin layinmu a lokacin zaɓen 2023

Tun kafin zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 nake karyawa a teburin nan, kuma har yau ban sauya ba. Shayinsa akwai kauri, ba ya ƙwauron madara. Lokacin canjin kuɗi, da tsabar naira ta gagara samu, ya karɓi taransfa, wasunmu ma ya rubuta mu a littafin bashi. Wannan ba zan manta masa ba.

Rediyonsa na rataye jikin ƙusa, kullum a kunne. 'Yan jar hula na kare Kwankwaso, wasu na cacar baki kan tikitin Musulmi biyu na Tinubu da Shettima, wani dattijo kuma tsaro da tsadar masara kawai yake tambaya. Murya ta fara tashi, sai mai shayin ya ce, "Alhaji, shayinka zai huce."

Benci ɗaya ne dai, ya yi kaɗan.