Aiki a Janeba ko a Lozan: wa ke karɓar harajin?

Maƙwabta biyu ne a Faransa, kullum da sassafe suna tsallaka iyaka zuwa aiki a Suwizalan, ɗaya Janeba, ɗaya Lozan.

Na Janeba, kafin albashi ya shigo hannunsa an zare haraji. Bisa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1973, Janeba na miƙa wa yankunan Faransa na kusa kashi 3.5 na jimillar albashin irinsu.

Na Lozan kuwa Faransa yake biya, ita ce ke mayar wa Suwizalan kashi 4.5 na jimillar albashin irinsu, bisa yarjejeniyar 1983. Sai dai duk shekara sai ya kai wa wanda ya ɗauke shi aiki takardar shaidar zama a Faransa. In ya yi sake, a yanke masa a can ma.

Ni dai tsarin Janeba ya fi kwanta mini, kodayake shi ma dole ya bayyana wa Faransa albashinsa.