Mai maɓalli ko mai telekomand?

Talabijin ɗinka ramin HDMI (inda ake soka igiyar hoto da sauti) ɗaya gare ta, ga dekodar Canal+, ga PlayStation na yara, ga kwamfuta. Kullum cire wannan, sa wancan, har ramin ya fara sako-sako. Abin da ke raba gardama shi ne ƴar na'urar sauya HDMI, kuma iri biyu za ka fi tararwa a kasuwar Maradi.

Na farko ƙarami ne mai maɓalli, ba ya son caja. Ƴar wutar volt 5 da ke bin igiyar HDMI ita yake sha. Ga arha, ga sauƙi. Amma in na'urar da ka haɗa ba ta ba shi isasshiyar wuta ba, sai hoto ya riƙa ƙiftawa. Kuma sai ka tashi daga tabarma duk sanda za ka sauya.

Na biyu yana da cajarsa da telekomand, yana tsallakawa da kansa zuwa na'urar da aka kunna. A nan gizo ke saƙa: wasu dekoda ko a kashe suke ba sa daina tura wutar nan, sai ya ɗauka a kunne suke, ya maƙale kansu ana tsakar kallon ƙwallo. Nemi wanda ake iya kashe masa wannan dabara.

Ni na biyun nake ɗauka, muddin na'urori sun kai uku. Mai talabijin 4K, wato mai hoto tangaran, ya duba kwali ya ga HDMI 2.0, don tsohon samfurin 1.4 hoto 30 kawai yake kaiwa a daƙiƙa, ba 60 ba. Kada mai shago ya miƙo maka mai raba hoto ɗaya zuwa talabijin biyu, kamanninsu ɗaya. A gwada shi a gabanka, Malam.