Sharhi: Neman tarihin gasannin ƙwallon jami'o'in Amurka a Chronicling America

Chronicling America rumbun tsofaffin jaridun Amurka ne da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar ya ɗora a intanet. Kyauta ne, ba rajista. Na yi aiki da shi wajen bin diddigin yadda jami'o'i suka kafa gasannin yanki na ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ruga da ita. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma sai mutum ya san sunan da ake kiran kowace gasa a zamaninta.

Nan ne sabon shiga ke tuntuɓe. Wanda ya rubuta "Big Ten", sunan gasar jami'o'in yankin tsakiyar Amurka, a wurin bincike ya zaɓi shekarar 1896 zai ɓata lokacinsa, domin sunan bai kama ba sai daga 1917. A taron Chicago na Fabrairun 1896 jami'o'i bakwai ne suka kafa ƙungiyar: Chicago, Illinois, Michigan, Minnesota, Northwestern, Purdue da Wisconsin. Jaridu na ce mata "Western Conference". Da Indiana da Iowa suka shigo a 1899 aka koma "Big Nine". Michigan ta fice a 1908, Ohio State ta shiga a 1912, dawowar Michigan a 1917 ce ta cika goma. Kowane zango da kalmarsa, kuma a riƙa gwada "foot ball" a rabe, saboda a haka jaridu da yawa ke rubuta ta a lokacin.

Sai a matse kwanan wata. Ranar Asabar aka fi buga wasa, daga Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, saboda haka jaridar Lahadi ce mai cikakken rahoto. Tarukan da ake yanke dokar wanda ya cancanci buga wasa kuwa galibi bayan kakar wasa ake yin su, a leƙa Disamba zuwa Fabrairu. Ƙungiyar jami'o'in Kudu, SIAA, a Disambar 1894 aka kafa ta a Atlanta, bisa jagorancin William Dudley na Jami'ar Vanderbilt.

St. Paul Globe da Minneapolis Journal sun fi min amfani kan yankin tsakiya, New-York Tribune kuma kan Yale, Harvard da Princeton. Labarin Chicago ma ana iya tsinto shi daga jaridun maƙwabta.

Matsalar da aka fi gamuwa da ita daga tsufan takarda take. Na'ura ce ke karanta hoton shafin ta mayar da shi rubutu, inda tawada ta dushe ko ta yi dabbare sai ta ɓata suna ko lamba. Kada a kwafi sakamakon wasa daga wannan rubutun. A buɗe hoton shafin, a ƙara girmansa, a karanta da ido, sannan a sauke PDF ɗin a ajiye.

A kula da lissafin maki ma. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 4 ne har 1897, ya zama 5 a 1898, ya zama 6 a 1912. Wanda ya auna sakamakon 1896 da ma'aunin yau zai ɗauka jaridar ce ta yi kuskure, alhali daidai ta rubuta.