Sharhina kan masu tirelar da suka kai mana dawaki Legas

Da yawa an tambaye ni ya muka ƙare da masu ɗaukar dawakin nan da muka yi haya daga Kano zuwa Legas lokacin wasan polo na Ikoyi, to ga bayani, sunan kamfanin dai ba zan faɗa ba don akwai inda zan yaba akwai inda zan yi ƙorafi. A taƙaice motarsu ba wani abin a zo a gani ba ce, amma yaron da suka saka a baya tare da dawakin shi ya sa ban ji ciwon kuɗina ba.

Duk wanda ya san harkar ya san yadda aka saba, a samu daf ta shanu a zuba yashi a ƙasa a ɗaure dawaki a jere kai a sama da gajeriyar igiya, a ce Allah ya kiyaye hanya shikenan. Wannan kuma tirela ce da aka yi wa katanga tsakanin kowane doki da ɗan uwansa, ƙasan an shimfiɗa roba mai kauri an barbaɗa dusar katako don fitsari, kuma tana da ƙofar baya da ake saukewa doki ya taka ya hau, ba sai an nemi tudu an ja da baya ana tura shi ana ihu ba. Akwai wani akawalinmu mai taurin kai, da ya zo bakin ƙofar ya toge, na ɗauka bulala za su ɗauko, sai yaron ya ce “Alhaji a bar min shi”, ya fara shigar da goɗiyar da suka saba tare, ya dawo ya kama ragamar ya tsaya yana shafa wuyansa har ya sunsuna robar ya hura hanci, ya ɗora kofato ɗaya ya janye, ya sake ɗorawa, sai ga shi ya shige da kansa.

Abin da ya fi burge ni maganar ɗaurin kai ne. Igiyar da suka sa tana da tsawon da doki zai iya sunkuyar da kansa ƙasa sosai, kuma duk inda aka tsaya sai yaron ya ƙara sassauta ta. Mutanenmu da yawa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba alhali likitocin dabbobi sun daɗe suna faɗa, doki idan kansa ya daɗe a sama awanni majina da ƙurar da ya shaƙa ba sa samun hanyar fita ta hanci, sai su gangara huhu, daga nan ne ake samun zazzaɓin nan da ke kama doki bayan doguwar tafiya, an sauke shi lafiya lau kwana biyu sai ya ƙi ci ya kama tari, mai shi ya ce ai sammu ne ko canjin iska. Harawar ma ba a busasshe suke ba su ba, yayyafa mata ruwa suke yi don ƙurar ta kwanta. Hatsi da dusa kuwa tun kafin ranar tafiya suka ce mu rage saboda ciwon ciki, ni da ban so ba amma haka ɗin ne daidai.

Ruwa kuma mu muka cika jarkoki daga gida bisa shawararsu, don doki akwai tsirfa, ya ji ruwa ya canza wari sai ya kau da kai ko ƙishirwa za ta kashe shi, ga shi a rana yana iya shan lita 30 ko fiye in ana zafi. Kusan duk bayan awa 4 suna tsayawa a ba su ruwa a kwashe kashi a duba bandejin ƙafa ko ya zame. Kuma kar mutum ya ga ai tsaye kawai suke a mota ya ɗauka hutawa suke, duk birki duk kwana da ƙarfin jikinsu suke tarewa, kamar wanda ya tsaya a bayan a-kori-kura ne daga Kano zuwa Zariya ba wurin riƙewa, balle tafiyar da ta kai kilomita 1,000.

To yanzu ƙorafi. Mun yi da su za a tashi da yamma don a ci yawancin hanya da sanyi, motar ba ta zo ba sai washegari da hantsi wai ana gyaran taya, ba wanda ya kira ya gaya mana sai da muka yi ta bugawa. Wannan lattin ya sa zafin rana ya same su a hanya, kuma tagogin motar ƙanana ne wallahi, in tana gudu da sauƙi amma da an tsaya cikin ya zama wani abu daban. Ta Suleja suka bi zuwa Lambata da Bida su fita Mokwa, wanda ya san hanyar nan ya san ramuka da layin manyan motoci, suka maƙale a go-sulo yaron ya ce sai da ya riƙa jiƙa tsumma yana goga musu a wuya da ƙirji. Fanka ko guda biyu da sun saka a ciki ai da ba haka ba, mutum yana karɓar kuɗi irin wannan bai kamata abu kamar fanka ya gagare shi ba. Sannan kuɗin ’yan rebenu na hanya ba su faɗa mana tun farko ba, sai da aka wuce Jebba direba ya fara kira a turo, takardar likitan dabbobi ma mu muka yi ɗawainiyarta. Direban dai a tuƙi ba laifi, ba ya taka birki da ƙarfi, amma a waya sai a hankali.

Da aka sauke su yaron bai tafi ba sai da ya auna zafin jikin kowanne da tamomita ya rubuta min a takarda, ya ce in ci gaba da aunawa safe da yamma na wasu kwanaki, in ya haura 38.5 in kira likita kar in tsaya jiƙa kanwa, kuma kar a ɗora musu sirdi sai sun huta, a dai riƙa jan su da hannu suna zagayawa. Ya kuma tuna min maganin tsando da kaska tunda kudu muka zo, sammore, cutar da cizon tsando ke jawowa, ba ya wasa da dokin arewa. Goɗiyar ta ɗan rame kuma ta samu ƙurjewa a gindin wutsiya inda take jingina, sauran ƙalau.

In za ku ɗauke su ku rubuta lokacin tashi da duk kuɗin hanya a takarda kafin ku ba da ko sisi, ku tambayi wa zai zauna a baya da dawakin don ba kowace motarsu ake saka mutum ba sai ka nema, kuma in lokacin bazara ne ku dage sai an tashi da yamma.